Yunwar Damina da Rumbun Tsimin Makaranta

Jawabin kwamitin jin daɗin malamai a babban taron reshe

 

An umurci kwamitinmu ya duba matsalar yunwa a ƙauyukan da muke koyarwa, ya kuma kawo shawara a kan abin da reshe zai iya yi. Mun zaɓi mu gabatar da wannan bayani yanzu, amfanin gona yana shigowa gida, hatsi yana araha a kasuwa, domin maganar yunwa da kaka ya kamata a yi ta. Idan aka bari sai damina ta tsaya, babu abin da zai rage sai jaje.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Babu wanda ya san gaskiyar wannan magana kamar malamin firamare na ƙauye. Mu ne muke kiran suna kowace safiya, mu ne muke ganin yadda rajista take ramewa a zangon karatu na uku. Mun san yaron da yake kifa kai a kan benci tun ƙarfe goma, da yarinyar da ba ta dawowa bayan tara saboda an ɗora mata talla, da ɗan aji shida da ya bi mahaifinsa ƙwadago. Sau da yawa ana kiran irin waɗannan yara malalata ko daƙiƙai, alhali kuwa cikinsu ne babu komai.

Alƙaluma sun tabbatar da abin da idanunmu suke gani. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Waɗannan yara su ne suke zaune a azuzuwanmu yau. A shekarar 2024, ƙiyasin da gwamnati da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suke fitarwa ya ce mutane fiye da miliyan 31 ne suke cikin matsanancin ƙarancin abinci tsakanin Yuni da Agusta. A tsakiyar shekarar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, har muka ga magidanta suna sayen afafata, shinkafar da a da masu casa suke zubarwa ko a ba kifi. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida saboda tamowa.

Abin tambaya shi ne, yaya aka yi wanda ya noma abinci shi ne yake kwana da yunwa? Amsar tana cikin lissafin watanni. Da kaka ta yi, buƙatun shekara duka suna jiran ƙaramin manomi a bakin masussuka: bashin taki, kuɗin magani, auren 'ya, suturar iyali, gyaran ɗakin da ruwa ya rushe. Ba shi da abin sayarwa sai hatsi, kuma kowa a lokacin yake sayarwa, saboda haka farashi yana ƙasa. Mai kuɗi ya saya ya kai sito. Zuwa bazara rumbun talaka ya yi ƙasa, zuwa watan Yuli ya ƙare. Sai ya koma kasuwa ya sayi geron da ya sayar, a farashin da wani lokaci ya ninka. In babu kuɗi, sai ya ci bashin da za a biya da hatsin baɗi, ko ya bar gonarsa ciyawa tana ci ya tafi noman wani don ya samo awon yini. Gonar da ba ta sami noma a kan kari ba amfaninta kaɗan ne, don haka rumbun baɗi zai riga na bana ƙarewa. Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa ta rubuta wannan zagaye dalla-dalla a littafin da ta wallafa a 1972, inda ta nuna cewa akwai talaucin da yake hana mutum yin noman kansa. Fiye da shekara hamsin ke nan, zagayen bai sake ba. Abin da ya ƙaru shi ne tsadar taki da sufuri tun cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da kuma 'yan bindiga da suka hana dubban manoma a Zamfara da Katsina da Sakkwato zuwa gonakinsu na nesa, ko suka ɗora musu haraji kafin girbi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga ƙarshen wannan hanya a 2005. Fari da fara sun taɓa amfanin 2004, amma hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Tsada ce ta raba shi da talaka. Wurin da abin ya fi muni kuwa shi ne yankin Maraɗi, wanda ake ɗauka rumbun ƙasar. A wannan shekara MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya riga ya bayyana haka tun 1981, da ya nazarci yunwar Bengal ta 1943: mutane suna iya mutuwa da yunwa abinci yana jibge a gabansu, muddin ba su da ikon mallakarsa. Darasin a gare mu shi ne, yunwar ƙauyukanmu tana da lokaci sananne da dalili sananne. Abin da aka san ranar zuwansa kuwa ana iya yi masa tanadi.

Iyayenmu sun yi wannan tanadi. Sun ga Kakalaba a 1914, sun ga farin 1973 da na 1984, kuma kowace ta bar musu darasi. Maigidan da ya san ciwon kansa yana da rumbun ci, yana da rumbun tsimi wanda ba a buɗewa sai wuya ta yi wuya. Suna ajiye gero da dawa a dami, ba a sussuke ba, domin hatsi a zangarniya ya fi jure ajiya, kuma wannan ita ce shawarar da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar. Akwai gandu da yake haɗa ƙarfin 'yan uwa, akwai ciyayya tsakanin gidaje, akwai sarkin noma da ake sa ran zai buɗe rumbu idan gari ya shiga matsi. Akwai kuma zakkar amfanin gona: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga noman ban-ruwa da aka sha wahalarsa, idan ya kai nisabi. Yau gandu ya watse a wurare da yawa, gonaki sun tsattsage saboda rabon gado, buƙatar kuɗi ta yi yawa. Rumbun tsimin gida ɗaya ya fi ƙarfin yawancin magidanta. Abin da gida ɗaya ya kasa, gari zai iya idan ya haɗa kai.

Wasu a cikinmu sun ji labarin rumbunan taimakon abinci na ƙasashen Turawa. Wanda ake ɗauka na farko wani mutum ne mai suna John van Hengel ya kafa shi a birnin Phoenix na Amurka a 1967. Ya lura cewa manyan kantuna suna zubar da abincin da bai lalace ba, sai ya samu sito ya riƙa tarawa yana raba wa mabuƙata. Yau akwai dubban irin waɗannan wurare a coci-coci da makarantu na ƙasar, har da ƙauyuka. Tunanin mai kyau ne, amma tushensa rarar kantuna ce, mu kuwa ƙauyukanmu ba su da kanti mai rara. Rararmu ta wata uku ce, daga Oktoba zuwa Disamba. Aikin rumbunmu shi ne ya ɗauko wannan rara daga kaka ya tsallakar da ita zuwa marka, ba tare da ta bar garin ba.

An gwada wannan a yankin Sahel. Bayan farin shekarun 1970 ƙungiyoyin agaji sun kafa bankunan hatsi a Burkina Faso, daga nan suka bazu zuwa Nijar da Mali da Cadi. Dubbai aka gina, kuma wajibi ne mu faɗi gaskiya: da yawa sun durƙushe cikin 'yan shekaru. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. An ba da bashin hatsi ba a biya ba, domin mutane sun ɗauka kayan Bature ne. An sayar ƙasa da kuɗin saye saboda tausayi, sai jari ya narke. Ƙwari da danshi da ɓera sun ci rabonsu. Wasu masu riƙe da makulli sun mai da rumbun gari na gidansu. A wurare da yawa babu wanda ya iya riƙe littafin lissafi, saboda haka ko an yi ɓarna babu mai iya nunawa. Kafin wannan ma, Turawan Faransa sun tilasta wa talakawan Nijar zuba hatsi a rumbunan ajiya da hukuma take iko da su, mutane suka tsane su kamar haraji. Abin da aka yi da tilas, ko aka kawo daga waje ba da gumin masu shi ba, ba ya daɗewa.

Akwai kuma waɗanda suka tsaya da ƙafarsu. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi da taimakon ƙungiyar CARE. Mata ne suke zubi daga aljihunsu, suna ƙirga kuɗin a gaban kowa, suna tuna wa juna wanda ya ci bashi. Tsarin ya yi ƙarko har aka kwaikwaye shi a ƙasashe da dama. A Nijar ɗin dai an yaɗa wata dabara inda manoma suke ajiye hatsinsu a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiyarsu, ɗaya a hannun mai ba da rance, su karɓi kuɗin biyan buƙatun kaka, su fanshi hatsinsu idan ya yi daraja. Sirrin duka biyun ɗaya ne: dukiyar ta masu ita ce, kuma lissafinta a fili yake.

A nan ne muke ganin gurbin malami. Ba mu fi kowa hatsi ba, kuma kowa a zauren nan ya san yadda albashi yake ƙarewa kafin wata ya raba, ko da an ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun Yulin 2024. Amma muna da abubuwa uku da waɗancan rumbuna suka rasa. Mun iya rubutu da lissafi, aikinmu ne kullum. Muna cikin kusan kowane ƙauye, kuma muna da kwamitocin kula da makaranta da ƙungiyoyin iyaye da malamai da suke zama tare da mai gari da liman. Sannan mu ne muke fara ganin alamar yunwa a jikin yaro, tun kafin mahaifinsa ya iya buɗe baki ya faɗa wa wani.

Saboda haka kwamiti yana ba da shawarar reshe ya fara gwaji da rumbu a makarantun ƙauye guda biyu kacal, ya ga abin da shekara ɗaya za ta koya mana. Ga lissafin. Buhun gero yana ɗaukar tiya 40. Buhu 30 tiya 1,200 ke nan, wadda za ta ba gidaje 40 rabin tiya kowace rana har kwana 60. Rabin tiya ba za ta ƙosar da babban gida ba, amma za ta sa a ɗora tukunya, ta kuma bar maigida ya yini a gonarsa maimakon ta wani. Idan malamai 300 suka ba da tiya 2 kowane wata a watannin kaka uku, an tara tiya 1,800, wato buhu 45. Sauran buhu 15 da za su cika rumbuna biyu su fito daga mutanen garuruwan da kansu da gonar makaranta. Muna jaddada wannan: garin da bai zuba nasa ba, kada a kai masa rumbu.

Ga ƙa'idojin da muke roƙon taro ya amince da su.

Na farko, rumbu ya kasance da ƙofa biyu a lissafi. Ɗaya ta jari ce: hatsin da za a sayar da damina a kan kuɗin saye da ɗan abin da zai biya buhu da dako da asarar ajiya, ƙasa da farashin kasuwa, domin a sake saye da kaka mai zuwa. Ɗayar ta kyauta ce: zakka da sadaka, waɗanda za a miƙa wa marayu da zawarawa da tsofaffi da masu jinya ba tare da biyan komai ba. Kada a gauraya su. Zakka haƙƙin masu ita ce, ba a juya ta a matsayin jari.

Na biyu, a guji bashi gwargwadon iko. Inda ya zama dole, a mayar da tiya a kan tiya, kada a ƙara ko cikin tafi, domin ƙari a bashin hatsi riba ce. Kwamitin gari ya zauna da malaman addini a tsara wannan tun farko, don kada a fara aikin alheri da abin da zai sa mutane shakka.

Na uku, a saya tsakanin Nuwamba da Disamba, a garin ko kasuwar da ke kusa, hatsin da ya bushe sarai. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango. Ga wake da masara a yi amfani da buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, ana kuma samunsa a kasuwanninmu. Yana toshe iska har ƙwari su mutu, ba sai an zuba guba a abincin yara ba.

Na huɗu, makulli uku a hannun mutum uku: wakilin mai gari, wakiliyar mata, da malami. Malami ya riƙe littafi, amma kada ya riƙe kuɗi. Mata su kasance aƙalla rabin kwamiti, domin su ne suka san gidan da bai hura wuta ba jiya. A karanta lissafi a bainar jama'a sau biyu a shekara, ranar rufe rumbu da ranar da aka gama rabo, a kuma kawo kwafi ga reshe.

Na biyar, a tsai da ranar buɗewa tun yanzu, a tsakiyar Yuli, kada biki ko suna ko roƙon wani babba ya sa a buɗe kafin nan. A ƙayyade abin da gida ɗaya zai saya a mako, don kada ɗan kasuwa ya aiko yaransa su kwashe.

Na shida, a kiyaye mutuncin mutane. Babu layi, babu shela, babu hoto. Mun ga abin da rabon tururuwa yake haifarwa: a Disamban 2024 turmutsitsi a wuraren rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija ya kashe mutane fiye da 60 cikin mako ɗaya, yawancin na Ibadan yara ne. Ban da haɗari, magidancin ƙauye ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi a layin sadaka. A kai kason kyauta gida da yamma ta hannun matan kwamiti. Kada a kira sunan yaro a gaban aji. Kada kuma a hana wani gida don 'ya'yansa ba sa zuwa boko, ko don addininsa, ko ƙabilarsa, ko jam'iyyarsa. Ɗan siyasar da ya kawo gudummawa a gode masa, amma buhu ba zai ɗauki hotonsa ba.

A garuruwan da tsaro ya taɓarɓare, tara hatsi a wuri ɗaya yana iya jawo hari. Mutanen gari su ne za su yanke ko za a yi, da inda za a ajiye, kuma ba za a ɗora wa wani malami nauyin da zai sa ransa cikin haɗari ba.

Mun ji ƙorafin da wasu 'yan uwa suka kawo, cewa ciyar da talaka aikin gwamnati ne, kuma idan muka ɗauka mun sauke mata nauyi. Magana ce mai ƙarfi, ba mu raina ta ba. Buhu 60 ba za su maye gurbin tsaro da taki da hanya da albashi mai kyau ba. Amma mu dubi abin da ake samu daga sama. A Fabrairun 2024 gwamnatin tarayya ta ba da umurnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan ajiyar ƙasa. Idan aka raba shi ga mutum miliyan 31, kowa bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Shirin ciyar da 'yan makaranta da aka ƙaddamar a 2016 ya tsaya ne a aji ɗaya zuwa uku, da naira 70 a kan kowane yaro a farkonsa, an kuma dakatar da shi a Janairun 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Ko lokacin da yake tafiya, babu girki a dogon hutu, wanda ya faɗo daidai watan Agusta, lokacin da yunwa ta fi tsanani. Yaron da ke gabanmu ba zai iya jiran a gyara duk wannan ba.

Ƙari a kan haka, rumbu zai ƙarfafa bakinmu a gaban hukuma. Reshen da zai shiga ofis da littafi a hannu, ya nuna gida nawa abincinsu ya ƙare a wane wata, yara nawa suka daina zuwa makaranta, nawa suka dawo bayan an buɗe rumbu, ya fi wanda ya je da kuka kawai. Da wannan littafi za mu nemi a ciyar da yara kullum har aji shida, a biya masu girki a kan lokaci, a sayi kayan abincin a hannun manoman garin, a kuma biya malamai haƙƙinsu cikakke. Ƙungiyarmu tun kafuwarta a 1931 take fafutukar kare darajar malami da makaranta, kuma makarantar da yunwa ta kore wa ɗalibai ba ta da darajar da za a kare.

Abin da muke nema daga wannan taro guda uku ne: a amince da gwajin rumbuna biyu, a amince da gudummawar tiya 2 a wata ga duk wanda ya ga zai iya, ba tilas, a kuma zaɓi mutum biyar da za su zauna da masu garin da kwamitocin makarantun kafin ƙarshen wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lokaci kuma ba ya jira, domin kowane mako motoci suna fita da hatsi daga kasuwanninmu zuwa Dawanau da gaba, farashi kuma zai fara tashi da zarar sanyi ya wuce. Ga iyalanmu da za su karanta wannan a gida, musamman iyayen gida mata da tiyar za ta fita daga hannunsu, muna roƙon fahimtarku da shawararku.

Allah ya sa albarka a abin da muka noma, ya ba mu damina mai kyau, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana yaran da aka ba mu amana.